Sunaye Bakwai a Turmin Gahawa

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar Kano ba. Labarina daga ƙofar fita ta filin jirgin Dubai ya fara, inda na tsaya da jaka ɗaya da lambar mutumin da ya ce zai tarye ni ya kai ni gidan abincin da zan yi girki. Na yi ta kira har wayar ta mutu. Har yau ban san ko an taɓa gina gidan abincin nan ba. Na ce Allah ya isa a ranar, kuma ban janye ba.

Sunana Dije. Shekarata arba'in da shida a lokacin, mijina ya rasu, yara huɗu na bari a wajen yayata. Ban taɓa zama a aji ba sai da na kai talatin da tara, a ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Gwammaja. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk abin da ya faru.

Naif

Wadda ta tsince ni Rifkatu ce, 'yar Tafawa Ɓalewa, mai aikin goge-goge a wani asibiti. Ta zo rakiyar wata filin jirgi, ta gan ni zaune a kan jaka ina zagin waya.

Ta ce, "Anti, wayar ba ta ji. Tashi mu je, kafin ki zagi wanda yake ji."

A unguwar Naif, inda ta kai ni, ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya. Mu takwas ne a ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, kowace ta ja labule ta ce gidanta ke nan. Rifkatu ta bar min na ƙasa saboda gwiwata, ta hau sama. Idan na tashi sallar asuba ta janye ƙafa don in sami wurin shimfiɗa, ranar Lahadi ni nake goge mata ɗankwalin coci. Wata uku ban yi barcin kirki ba. Na'urar sanyi tana gurnani, titi ba ya shiru, ni kuma zuciyata tana Kano tana ƙirga wa ya ci wa bai ci ba.

Murshid

Aiki a kasuwar Murshid na samu, a shagon Alhaji Sabo mai kago, wato mai tura kayan 'yan kasuwa gida. Maza su ɗaure kwali, ni in naɗe da leda in rubuta sunan mai kaya da garin da za shi. Rubutun nan shi ya ba ni aikin, shi ya sa Alhaji ya yi min takardun zama. Har tsokanata yake yi, "Malama Dije, a rubuta Potiskum, kar a rubuta Fataskala." Ba na dariya. Na san wahalar da na sha kafin in iya riƙe fensir.

Littafina na ajin Gwammaja yana cikin jakata ko'ina na je. A shafukan farko akwai a da ba da ca ɗina, da jan biron malamarmu inda ta rubuta "Da kyau" ranar da na fara rubuta sunana ni kaɗai. A shafukan baya kuma nakan kwafe sunayen kwalayen da na rubuta a yini, don hannuna ya ƙara faɗawa. Malamar nan ta sha gaya mana: abin da aka rubuta ba ya mutuwa. Na riƙe maganarta kamar aya.

Wata rana wani ɗan dako ya yar da kwali a ƙafata, na buɗe masa wuta da Hausa. Sai na ji murya a bayana:

"Ke ɗiyar wa ce, bakinki kamar tanka?"

Na juya. Tsohuwa ce doguwa, ta naɗe da mayafin nan na matan Sudan mai tsawo, hannunta baƙi wuluk da lalle. Ta zo tura humra da turaren wuta Maiduguri. Ita ce zan kira Hajja Batul, ba sunanta ba ne. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa za su hajji, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, mai "lahiya" da "mi kika ce" da "tanka" a maimakon barkono, a cakuɗe da Larabci. Yaƙi ne ya koro ta daga Khartum zuwa wajen 'yarta. Na ji Hausa daga bakin da ban zata ba, sai kawai hawaye ya zubo min, ni da ba na kuka gaban mutane.

Ta ce, "To, mai barkono ta san kuka. Ki zo gidana Lahadi da la'asar ki sha gahawa."

Gidan Hajja Batul

Ban san gahawa aiki ce ba sai a gidan nan. A soya ƙwayar a kasko, a zaga da hayaƙin kowa ya shaƙa, a zuba a ɗan turmin itace a daka da citta, a dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya. Akwai injin niƙa a kicin, Hajja ta ce gahawar inji ba ta da uwa. Tun zuwana na biyu taɓaryar ta dawo hannuna, don ta ce ba ta taɓa ganin mai daka kamar 'yar Kano ba.

Mata goma sha biyu ne ko sha uku suke zuwa, duk 'yan Sudan. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne, duk wadda ta shigo sai ta saka wayarta a cikin tukunyar shinkafa, a rufe, a kai baranda. Na ɗauka tarbiyya ce. Sai bayan kofi na biyu ɗakin ya yi tsit, suka fara wani abu ɗaya bayan ɗaya kamar masu tilawa. Kowace ta rufe ido ta jero sunaye, ta gama ta kusa da ita ta ɗauka.

Na raɗa wa Hajja, "Addu'a ce?"

Ta ce, "Kusan haka. Waɗanda aka kwashe ne."

Ta yi min bayani a kicin muna wanke kofuna. A ƙasarsu masu bindiga iri biyu suke yaƙi, kowanne yana ɗauke mutane, ba a ce ga inda aka kai su. Duk wanda ya tsero ya iso Dubai, sai a gayyato matarsa ko uwarsa shan gahawa, a tambaye ta wa aka ɗauka a unguwarsu. Kowane suna gaɓa huɗu ne: sunan mutum, sunan ubansa, unguwarsa, sai wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. Kowace mace tana riƙe da bakwai a ka. Idan wata ta sami hanyar fita zuwa Alƙahira ko Kampala, sai ta je wajen lauyoyinsu da suke gudun hijira a can ta sauke nata, su rubuta su ajiye don ranar da za a zauna shari'a. Mazansu ma suna da tasu hanyar, likitoci suna haɗa magani, wasu suna neman wa waɗanda suka tsero masauki. Amma sunaye aikin mata ne, don ba wanda yake zargin tsofaffi masu shan gahawa.

Wadda take jan ragamar abin Salma ce, mai harhaɗa magani a wani kantin magani, siririya, ba ta kai arba'in ba, ba ta da dariya. Ni da ita Hajja ce tafinta. Ranar da na gane abin da ake yi, bakina bai bar ni ba. Na ce, "Ku kuwa wane irin mutane ne? An kwashe muku 'ya'ya kuna shan shayi? Mu a Kano da mun fita titi da kwalaye!"

Hajja ta fassara, ɗakin ya kwashe da dariya, ban da Salma. Ta ce a gaya min: "A nan mu baƙi ne, baƙo ba ya taron siyasa. Kafin ki gama ɗaga kwalin kina cikin jirgi. Ke jirginki Kano zai sauke ki. Mu namu fa?"



Ta ƙara da cewa ba hukuma kaɗai suke tsoro ba. A cikin 'yan ƙasarsu da ke Dubai, kowane ɓangare yana da kunnuwa. Idan aka san wa ya kawo suna, danginsa da suka rage a gida ne za su biya. Shi ya sa doka ɗaya ce: ba waya, ba takarda.

Kar ku zaci kansu a haɗe yake kamar tsintsiya. Na ga ranar da wata mai ƙiba, matar wani ɗan kasuwa, ta ƙi karɓar wani suna don ta ce yaron ɗan ƙabilar waɗanda suka ƙone musu gida ne. Aka yi ta cacar baki har gahawa ta huce. Salma ta bari suka gaji, sannan ta ce, "Uwarsa ta zo nan ta zauna inda kike zaune, ta yi kuka irin naki. Idan za mu zaɓi wanda za mu nema wa hakki, mu tashi mu koma wajen masu bindiga, su ma zaɓe suke yi." Matar ta yi ƙwafa, ta juya baya. Sati na gaba da aka zo kanta, sunan yaron ne na bakwai a bakinta.

A cikin bakwai ɗin Hajja, na farko autanta ne. Yana cikin samarin da suke dafa wa unguwa abinci a babbar tukunya tun da kasuwanni suka rufe, daga bakin tukunyar aka ɗauke shi. Fasfonta ya ƙare, ba ta da hanyar fita, masu fita kuma ba su da yawa, don wanda ya fita ba lalle ya iya dawowa ba. Sunaye suna ƙaruwa, matafiya ba sa ƙaruwa. Wata takwas ina zuwa gidan, mata biyu kaɗai na ga sun tafi, layi bai zo kan nata ba.

Wata Lahadi aka zo kanta, ta jero biyar, ta tsaya a na shida. Ɗan maƙwabciyarta ne. Bakinta ya yi ta motsi, sunan bai fito ba. Ciwon suga ya fara cin ta. Wata ta tuna mata, aka wuce, amma na ga yadda ta damƙe gefen mayafinta. Da muka shiga kicin ta ce, "Ɗiyata, uwarshi ta ba ni shi amana. In ya ɓace a kaina, ya ɓace sau biyu."

A nan shaiɗanin ilimi ya shige ni. Na ce a raina, waɗannan mata da digirorinsu sun bar amana a kan tsohuwa mai mantuwa, alhali ga ni da biro. Na san dokar, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Gani na yi na fi su dabara. Na ce ai da boko na Hausa zan rubuta, wa zai karanta? Ban tsaya na yi tunanin cewa suna suna ne a kowane harshe ba. Kullum lokacin hutun rana sai in zauna bayan kwalaye in buɗe tsakiyar littafina in rubuta abin da kunnena ya kwaso ranar Lahadi. Na Hajja bakwai, da na wasu da suka zauna min. Niyyata in kai mata kyauta.

Al Sabkha

Ranar wata Talata za a rufe kwantena, takardar jerin kayan Alhaji ta ɓata. Ya san ina kwafe sunayen kwalaye a bayan littafina. Na tafi sallar azahar, na bar jakata a kan kanta. Da na dawo zif a buɗe.

Na ce, "Alhaji, ina littafina?"

Ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "Na aika wa Malam Tayyib a ofishin jigila ya cire sunayen. Anjima za a dawo miki da shi, Malama."

Malam Tayyib magatakarda ne a kamfanin da yake ɗaukar mana kaya, kuma ɗan Sudan ne. Na taɓa ganin Salma ta tsallake titi don kar su haɗu.

Abin da na gaya wa Alhaji a gaban kwastomominsa ba zan rubuta shi ba. Na dai tambaye shi ko a gidansu haka aka koya masa buɗe jakar mace.  Na fita a guje.

Daga Murshid zuwa Al Sabkha, inda ofishin yake, ba nisa, amma a ranar rana kamar ta sauko ta zauna a kafaɗata. Na ratsa masu baro, na bangaje wani Ba'indiye da buhunan takalma, silifas ɗina ɗaya ya tsinke na ɗauke shi a hannu. Na hau bene biyu ina haki. Yana zaune bayan tebur, littafina a buɗe a gabansa. Ba a shafukan baya ba. A tsakiya.

Na ce, "Ba ni kayana."

Ya ɗago a hankali. Yana jin Hausar kasuwa, kamar yawancinsu a yankin. Ya ce, "Hajiya, zauna, sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Ba ni."

Ya ɗora yatsa a kan wani layi. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan ɗan unguwarmu ne." Ya rufe littafin ya miƙo min. Na kama, bai saki ba. Ya ce, "Littafin makaranta a gida ake barin sa, Hajiya." Sannan ya saki.

Na sauko benen. Tausayi ne a muryarsa ko gargaɗi? Ya ɗauki hoto kafin in iso ko bai ɗauka ba? Na juya maganar nan sau dubu, har yau ban sani ba.

Zan iya yin shiru, ba wanda zai sani. Na tsaya a bakin tashar bas ina wannan tunanin har mota biyu suka wuce. Amma ni abin da na tsana a duniya shi ne munafunci, kuma idan wani abu ya sami dangin matan nan a gida, gara su san ta inda ya shigo. Na hau ta uku na nufi gidan Hajja.

Ta kira Salma, ta taso daga wajen aiki da farar rigarta. Na ajiye littafin a kan tabarma na faɗi komai. Hajja tana fassarawa. Salma ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta ga sunayen da matan suka yi wata da watanni suna ɓoyewa a ƙirjinsu, a jere da rubutuna mai kama da tafiyar kaza.

Na ce, "Ki ce mata taimako na yi niyya. Kuma mutumin kamar tausayi ya ji."

Salma ta ce, "Wataƙila mai kuka ne, wataƙila mai kunne ne. Wataƙila duka biyun. Ba mu sani ba. Rashin sanin nan shi ya sa ba ma rubutu."

Na ce to a yage shafukan, a bar min sauran. Ta ɗaga wani farin shafi can gaba ta karkata shi wajen taga. Ga sunayen nan a kwance, ba tawada amma ana karantawa. Duk wanda ya koyi rubutu da girma ya san abin nan: danna biro muke yi kamar masu huɗa. Sawun ya ratsa gaba da baya, har shafin da malamarmu ta sa jan biro.

Ba a iya ƙona shi ba, don hayaƙin takarda zai tayar da na'urar gobara da ke silin, mai gadi ya hauro. Na koma Naif da shi. Rifkatu ba ta tambaye ni komai ba. Ta kalli fuskata, ta ɗauko bokiti da ruwan bilic ɗin da take wanke banɗaki da shi. Muka tsuguna muna yagawa muna jefawa. Da aka zo shafin "Da kyau" na riƙe shi.

Ta ce, "Anti, ai sunanki kin iya rubutawa yanzu. Ba sai da shaida ba."

Na sake shi. Ja ya fara tashi, sannan shuɗi, aka bar farin kunu.

Gahawar Lahadi ta tsaya daga ranar. Salma ta raba matan biyu-biyu, su haɗu a asibiti ko a kanti kamar ba da gangan ba. Wasu suka aika gida a ce wa 'yan uwa su sauya wurin kwana. Matar ɗan kasuwar nan ta gan ni a Naif ta tofar da yawu gefe, kuma ta yi daidai. Sati shida ina jiran in ji an ƙwanƙwasa wa wata ƙofa. Ba a ƙwanƙwasa ba, amma ba wanda ya ce ba za a ƙwanƙwasa ba. Abinci ya daina shiga. Alhaji kuma da takarduna suka zo ƙarewa ya ce ba zai sabunta wa mai zagin sa a gaban mutane ba. Na ce ya riƙe, ƙasar ma ta ishe ni.

Saura kwana tara in tafi, Hajja ta aiko in zo da hantsi. Na same ta ta rame, Salma tana zaune a gefe ta harɗe hannu. Kasko yana kan wuta.

Hajja ta ce, "Ɗauki taɓarya."

Na ɗauka. Ta ce, "Kin rubuta sunaye fiye da ashirin ba wanda ya biya miki. Ina kika ajiye su kafin ki rubuta?"

Na ce, "A ka."

"To mi ya kai ki takarda, shashasha?"

Wallahi sai a lokacin na tuna wace ce ni kafin aji. Ni ce jikar da kakata take sa wa waƙar daka tun ina shekara bakwai, mai jero dangi tun daga kakan kaka, kowane bugu da sunansa, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Shekara talatin da tara kaina ne littafina. Da na koyi boko sai na raina shi, na ɗauka shi ne jahilcin da aka ce a yaƙa.

Salma ta ce a gaya min ba ta yarda da ni ba, amma ni kaɗai ce mai fita, kuma ba wanda zai kalli 'yar Najeriya mai tsinin baki ya zaci tana ɗauke da wani abu. Na ce a gaya mata ni ma ba sai ta so ni ba.

Muka fara. Hajja ta faɗi, in buga. Suna, bugu. Uba, bugu. Unguwa, bugu. Wurin ganin ƙarshe, bugu. Da Larabcin yadda ta faɗa na haddace, ban canza ko harafi ba. Na sa masa amon waƙar kakata. Gahawar ta zama gari, ta wuce gari, muna bugawa. Da aka zo na shida Hajja ta tsaya, Salma ta cike mata, na karɓe. Kwana bakwai ina zuwa. A rana ta ƙarshe Salma ta sa na jero daga ƙarshe zuwa farko, sannan ta biya min lambar wata lauya a Kampala, ita ma a ka. Da zan fita ta gyara min mayafi a kafaɗa. Iyakar abin da na samu daga wajenta ke nan, kuma ya ishe ni.

Hajja ta rako ni bakin lif. Ta ce, "Kakannina sun baro ƙasarku da ƙafa ba su koma ba. Ke ki koma min da ɗana."

A filin jirgi aka buɗe jakata, aka ga atamfa biyu da turaren wuta da takalman yara. Aka ce in wuce.

Kano

Kwana biyu da isowata na karɓi wayar babbar 'yata Sadiya na buga lambar. Mace ce ta ɗauka. Na faɗi kalmar da Salma ta koya min, cewa na zo da gahawar Hajja. Na ji motsin takarda, ta ce bismillah.

Na jero na farko, autan Hajja. Na biyu. Na uku. Sai ta katse ni da Larabcin da ko ni na gane: a hankali, a hankali, rubutawa nake yi.  Ashe malamarmu ba ta yi ƙarya ba. Wurin rubutun ne ban sani ba.

Katsewar nan ta ɓata min amo. Na yi na huɗu, na yi na biyar, na zo na shida, wayam. Ɗan maƙwabciyar nan, wanda uwarsa ta bayar amana. Gumi ya keto min. Matar tana cewa na'am, na'am, tana jira.

Na ce, "Sadiya, riƙe wayar nan kusa da bakina."

"Umma, lafiya?"

"Riƙe na ce!"

Na jawo turmi tsakar gida. Ba a dakan turmi wayam, na watsa gero tafi ɗaya, na ɗaga taɓarya na koma daga farko. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, mace ta dawo daga Dubai tana daka tana waƙa da Larabci. Bugu na ashirin da ɗaya, sunan ya faɗo da kansa. Uba. Unguwa. Bakin gidan burodi. Na wuce na bakwai, na dire taɓarya.

Lauyar ta maimaita min su duka, ɗaya bayan ɗaya, daga takardarta. Ba kuskure.

Na aika wa Hajja saƙon murya na kalma uku: gahawa ta isa. Sai washegari amsa ta zo. Ba ta ce komai ba a ciki. Ƙarar ɗan turminta ce kawai, bugu huɗu, sannan numfashi.

Har ranar da nake wannan rubutu ba a ji labarin autanta ba, ba a kuma zauna shari'ar ba. Na sayi sabon littafi, a cikinsa na rubuta duk abin da kuka karanta, da hannuna, ina danna biro kamar yadda na saba. Ku duba shi gaba da baya, ku karkata shi wajen taga. Ba za ku ga ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba. Suna inda Hajja ta ajiye su, kuma duk ranar da na yi daka sai na kira su.